Kafin Ka Zuba Kuɗin Gida A Hannun Jarin Masu Ƙera Kayan Sadarwa

A 'yan shekarun nan sayen hannun jarin kamfanin Amurka ko na Turai ya zama abin da mutum zai yi yana kishingiɗe a kan tabarma. Manhaja ce a waya: ka tura naira, a juya maka ita dala, ka taɓa suna, shi ke nan ka zama mai ɗan rabo a kamfanin da ba ka taɓa ganin ƙofarsa ba. Kwanakin baya wani ƙanena, malamin makaranta mai 'ya'ya uku, ya same ni da lissafinsa. Ya ce, "Yaya, gidanmu kaɗai za ka duba. Data ta zama gishiri. Yara na kallo, Hajiya na sauraron karatu, maiɗakina na tallar turarenta a WhatsApp. To masu ƙera na'urorin da duk wannan ke bi ta cikinsu, ai kuɗi har sai sun ture." Niyyarsa ya kwashe tarin shekara biyu ya zuba a can.

Rabin maganarsa gaskiya ce. Duk saƙon da ka tura yana tashi daga wayarka zuwa ƙarfen sabis, ya bi ta igiyar gilashi da aka binne a ƙasa ko aka shimfiɗa a teku, ya ratsa akwatunan da ke nuna masa hanya, waɗanda 'yan sana'ar ke kira rauta da suwic, kafin ya isa rumbun adana bayanai. Masu ƙera waɗannan kaya ba su da yawa: Cisco da Arista a Amurka, Ericsson a Suwidin, Nokia a Finlan, Huawei da ZTE a Chaina, sai wasu ƙalilan. Duniya na bukatarsu kullum.

Ɗaya rabin shi ne abin da ya hana ni barci a daren. Sana'a ce da ake karya farashi ba tausayi. Kowace shekara na'ura na ƙara ƙarfi, kuɗin da ake biya kan kowane ma'aunin bayanai yana sauka. Mu masu sayen data ne ke cin moriyar wannan araha, rangwamen kuwa daga aljihun mai hannun jari ake zare shi. Ga abin da na gaya wa ƙanena, na kuma rubuta shi domin duk gidan da ke irin wannan tunani. Ba zan ce a sayi wane ko a bar wane ba.

1. Kada yawan masu amfani da intanet ya zama hujjarka.

A watan Maris na 2000 Cisco ya zarce Microsoft ya zama kamfani mafi daraja a duniya. Darajarsa ta haura dala biliyan 500, hannun jari ɗaya ya kai wajen dala 80. Hujjar masu saye a lokacin ita ce dai hujjar ƙanena: intanet zai mamaye duniya, Cisco kuma shi ke sayar da kayan aikin. Hasashensu ya tabbata har ya wuce zatonsu. Cisco bai mutu ba, ya ci gaba da ciniki yana cin ribar biliyoyin daloli kusan kowace shekara. Amma zuwa Oktoban 2002 hannun jarin ya dawo ƙasa da dala 10, kuma wanda ya saya a kan dala 80 ya shafe fiye da shekara 20 bai sake ganin wannan farashi ba. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon da aka yi sayen ya isa aure, uwar kuɗin ba ta dawo ba.

Wannan ma mai sauƙi ne idan aka kwatanta da Nortel na ƙasar Kanada. A shekarar 2000 shi kaɗai ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ma'aunin kasuwar hannun jari ta Toronto, yana da ma'aikata sama da 90,000. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, tsofaffi 'yan fansho, duk sun ɗauke shi a matsayin dukiyar da ba ta girgiza. A watan Janairun 2009 ya bayyana durƙushewa a gaban kotu. An yanyanka shi an sayar, takardun haƙƙin fasaharsa kaɗai sun kawo dala biliyan 4.5 a 2011, amma masu bin bashi ne ke gaba a layi, masu hannun jari suka tashi da hannu wayam. A duk tsawon waɗannan shekaru ba a wayi gari ba ko sau ɗaya masu amfani da intanet sun ragu.

2. Koyi duba tazarar riba, ko da ita kaɗai za ka koya.

Kusan kowane kamfani da ke kasuwar Amurka yana fitar da rahoto duk wata uku, kyauta, a shafinsa. Kada yawan shafukan ya firgita ka. Layuka biyu na farko a teburin ciniki su ne abin nema: jimlar abin da aka sayar, da abin da aka kashe wajen ƙera kayan da aka sayar ɗin. Ka cire na biyu daga na farko, ka ga nawa ne ya rage a kowace dala 100. Wannan ce nake kira tazarar riba, kuma a nan gasar farashi ke fara nuna fuskarta, tun kafin jaridu su ji labari.

Ga misali na lissafi kawai. A ce ana sayar da na'ura dala 100. Ƙera ta ya ci 40, albashin injiniyoyi da bincike da talla sun ci 40, riba 20. Abokin gasa ya matso, dole aka rage kashi 10 cikin 100, ana sayarwa 90. Kuɗin ƙira bai motsa ba, albashi bai motsa ba. Riba ta koma 10. Ragin kashi 10 ya cinye rabin riba. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe shago ya san wannan a jikinsa, amma da zarar an shiga manhaja sai a manta.

Cisco ya daɗe yana riƙe da tazarar sama da kashi 60 cikin 100, abin da ya sa kowa ke kwaɗayin kasuwarsa. A 2010 HP ya sayi 3Com kan dala biliyan 2.7, ya shigo kasuwar suwic yana sayarwa ƙasa da farashin Cisco. A watan Fabrairun 2011 Cisco ya fitar da rahoto: ciniki ya ƙaru, tazarar kuwa ta ɗan sauka. Washegari hannun jarin ya zube da wajen kashi 14 cikin 100 a yini ɗaya, kuma kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya sanar da sallamar dubban ma'aikata. Ka lura, ciniki ƙaruwa ya yi. Haka ta faru da Ericsson da Nokia a 2023, lokacin da kamfanonin Indiya, Jio da Airtel, ke shimfiɗa 5G da gaggawa: kaya na fita da yawa, amma a farashin Indiya, yayin da masu saye na Amurka masu biya da tsoka suka ja baya.

Don haka ka jera tazarar ta rahotanni takwas a takarda, wato shekara biyu. Idan ciniki na hawa tazara na sauka a jere, kamfanin sayen kasuwa yake yi da ribarka.

3. San wanda ke karya farashin, ka kuma san me ya ba shi ƙarfin yin haka.

Duk wanda ya ga abin da atamfar Chaina ta yi wa masaƙun Kano da Kaduna ba baƙo ba ne ga wannan labari. Ren Zhengfei ya kafa Huawei a Shenzhen a 1987. Injiniyoyinsa sun fi na Turai arha nesa ba kusa ba, bankunan ƙasarsu kuma suna ba masu saye bashi mai sauƙi, ga shi suna shiga ƙasashen da manyan kamfanoni ke yi wa kallon raini. Kamfanonin waya na Afirka, har da na Najeriya, sun gina babban ɓangare na hanyoyinsu da kayan Huawei da ZTE. A watan Afrilun 2005 kamfanin BT na Birtaniya ya zaɓi waɗanda za su sabunta masa hanyoyinsa. Huawei na ciki, Marconi kuwa, ɗan gida mai daɗaɗɗen suna, babu shi. A ranar hannun jarin Marconi ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100, kuma kafin shekara ta zagayo Ericsson ya saye mafi yawan kamfanin. Lucent na Amurka ya haɗe da Alcatel na Faransa a 2006 don su tsira tare, a 2016 Nokia ya haɗiye su duka. Zuwa 2012 cinikin Huawei ya zarce na Ericsson.

Abin da ya kamata magidanci ya riƙe a nan shi ne, Huawei ba ya kasuwar hannun jari. Ba za ka iya sayensa ba. Wato a wancan zagaye na gasar, gwarzon da ya ci kasuwa ba ya cikin jerin sunayen da ke manhajarka, waɗanda aka ci kasuwarsu ne ke ciki. Duk wanda ya ce zai sayar maka da hannun jarin Huawei, ka tashi daga wurin.

Akwai wani nau'in karya farashi da ba daga Chaina ya fito ba. Da can kowane babban kamfani shi ke ƙera ƙwaƙwalwar na'urarsa, wannan ne katangar da ta kare shi. Sai kamfanoni irin Broadcom suka fara sayar da ƙwaƙwalwar suwic ga duk mai kuɗi. Arista, wanda aka kafa a 2004 kuma tsohuwar ma'aikaciyar Cisco, Jayshree Ullal, ta karɓi ragamarsa a 2008, ya hau kan wannan ya ƙwace babban rabo a rumbunan adana bayanai. Manyan masu saye irin Google da Amazon kuma suna tsara nasu akwatunan, su ba masana'antun Asiya su ƙera musu ba tare da tambarin kowa ba. Tambayar da za ka yi wa kowane kamfani ita ce: me ke hana mai sayensa komawa wurin mai araha gobe? Idan amsar ita ce manhajar da ma'aikata suka saba da ita, da kwangilar kulawa ta shekaru, da wahalar sauya kaya, to akwai katanga. Idan ƙarfe ne kawai da roba, babu. Rautar gida misali ce: Cisco ya sayi Linksys kan dala miliyan 500 a 2003, ya ga kasuwa ce ta wanda ya fi araha, ya sayar da shi ga Belkin a 2013.

4. Ƙirga masu sayen kayan.

Mai shagon da ke da abokan ciniki dubu yana iya cewa "albarka" ya juya baya. Wanda ke da biyu ba shi da bakin faɗin haka. A 2022 Meta da Microsoft kaɗai suka kawo wa Arista sama da kashi 40 cikin 100 na cinikinsa. Kafin nan, a ƙarshen 2019, da kamfanin ya sanar cewa ɗaya daga cikin manyan masu sayensa ya rage oda, hannun jarin ya rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na darajarsa a yini guda. Daga baya ya farfaɗo ya ninninka, amma wanda bukata ta kama a wannan makon ya sayar da asara. A Disamban 2023 AT&T ya ba Ericsson kwangilar da za ta iya kaiwa dala biliyan 14 a shekara biyar, ya bar Nokia, wanda ma wata biyu kafin nan ya sanar zai rage ma'aikata har 14,000.

Dokar Amurka ta tilasta wa kamfani ya bayyana idan mai saye ɗaya ya kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa. Yana cikin rahoton shekara. Ka nemo shi.

5. Leƙa sito, ka kuma leƙa littafin bashi.

Kayan sadarwa ba hatsi ba ne da za a ɓoye a rumbu a jira tsada. Idan na'ura ta yi kwantai wata 18, sabuwa ta fito, tsohuwa ta zama sai an yi gwanjo. A 2001 Cisco ya goge kayan da suka haura dala biliyan 2 daga littafinsa a zango ɗaya, domin odar da ya yi tsammani ta ɓace. Dalilin abu ne da 'yan kasuwarmu suka sani: lokacin ƙarancin kaya mai saye yakan ba da oda wuri biyu ko uku, duk wanda ya fara kawowa ya soke sauran. Masu ƙira sai su ɗauka bukata ce ta gaske. Haka aka maimaita bayan annobar korona. Ƙarancin ƙwaƙwalwar na'ura a 2021 da 2022 ya sa aka tara oda, da kaya suka iso gaba ɗaya sai masu saye suka tsaya suna girka abin da ke hannunsu, ciniki ya yi sanyi a ƙarshen 2023.

Bashin ya fi sito haɗari. Idan gasa ta yi zafi kamfani yakan ranta wa mai saye kuɗin da zai sayi kayansa, ya rubuta shi a matsayin ciniki. Lucent ya yi haka da ƙananan kamfanonin waya, ciki har da Winstar wanda ya durƙushe a 2001. Hannun jarin Lucent, da ya taɓa haura dala 80, ya faɗo ƙasa da dala 1 a 2002. Idan ka ga kayan sito ko kuɗin da kamfani ke bin mutane suna hawa fiye da yadda ciniki ke hawa, ka dakata.

6. Sa hannun gwamnati ɗaya na iya sauya kasuwar a dare ɗaya.

A Afrilun 2018 Amurka ta hana a sayar wa ZTE kayan haɗi. Kamfanin ya kusa tsayawa cak, aka dakatar da cinikin hannun jarinsa kusan wata biyu, da aka buɗe ya zube da wajen kashi 40 cikin 100 a Hong Kong, sannan ya biya tarar dala biliyan 1. A Mayun 2019 aka sa Huawei a jerin takunkumi, a Yulin 2020 Birtaniya ta ce a cire kayansa daga 5G kafin ƙarshen 2027. Mutane da yawa suka ruga sayen Nokia da Ericsson da tunanin an kori mai karya farashi. Ribar ba ta zo yadda aka zata ba, domin su ma sun rasa kasuwa a Chaina, Samsung kuma ya shigo yana neman rabonsa.

7. Kamfani mai kyau ma ana iya sayensa da tsada.

Raba farashin hannun jari ɗaya da ribar da ya samar a shekara. Idan ka sami 15, kana biyan ribar shekara 15 ne a gaba. A 2000 na Cisco ya haura 100. Juniper, wanda shi ma ƙwararre ne a ƙera rauta, hannun jarinsa ya wuce dala 200 a wannan shekarar. Da HPE ya amince zai saye shi a Janairun 2024, kan dala biliyan 14, dala 40 ya ba kowane hannun jari.

Na kawo wannan ne saboda zazzaɓin ƙirƙirarriyar basira da ake ciki. Gaskiya ne rumbunan da ke horar da ita suna haɗiye kayan sadarwa masu tsananin sauri, kuma wasu kamfanoni sun ci riba ta gaske. Amma inda riba ta yi kauri nan masu gasa ke taruwa. Nvidia ya sayi Mellanox kan kusan dala biliyan 7 a 2020, yanzu shi ma yana sayar da suwic. Masu sayen kuwa 'yan ƙalilan ne, kuma su ne kamfanonin da suka fi kowa iya ciniki a duniya. A ganina, duk farashin da ba zai yi ma'ana ba sai idan komai ya tafi daidai shekara 10 a jere, ba na magidanci ba ne.

8. Ware kuɗin da za su shiga, ku ware su tare.

Nan ne maganar ta fi shafar gida. Kuɗin haya, kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, jarin shago, abin da aka tanada don auren yarinya nan da shekara biyu, babu wanda zai shiga. Sai an ajiye abin da zai riƙe gida na aƙalla wata shida, sannan a duba rarar da za a iya mantawa da ita shekara biyar ko fiye. A cikin wannan rarar ma, ni ba zan bar sana'a ɗaya ta ci fiye da kashi 10 cikin 100 ba. Sayen Cisco da Nokia da Arista tare ba rarraba haɗari ba ne, domin iska ɗaya ke kaɗa su. Wanda ba shi da lokacin karanta rahoto duk wata uku, asusun da ke tattara ɗaruruwan kamfanoni a dunƙule ya fi masa kwanciyar hankali, kuma waɗannan kamfanonin ma suna ciki da ɗan rabonsu.

Kada a ci bashi don saye. Mun ga abin da ya biyo bayan 2008 a Najeriya, lokacin da mutane suka karɓi rancen banki suka sayi hannun jarin bankuna. Ma'aunin kasuwar Legas ya sauka daga sama da 66,000 a Maris na 2008 zuwa wajen 20,000 a 2009. Jari ya narke, bashi ya tsaya da ƙafarsa, aka sayar da gidaje da filaye.

Uwargida, idan kuɗinki ne, na gado ko na sana'a ko kwasar adashi, asusun ya kasance da sunanki, kuma ke ma ki karanta abin da ake saya. Maigida, idan kuɗin gida ne, ka zauna da ita kafin ka taɓa. Ranar da jari ya faɗi da rabi, gidan da aka yi shawara tare ya fi iya haƙurin jira.

Sai lissafin canji. A Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ke riƙe da jarin dala ya ga lambobinsa na naira sun kumbura ko da kamfanin bai motsa ba. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ƙwarewarka, kuma ka tuna idan naira ta farfaɗo lissafin juyawa yake yi. Ka auna jarin dala da dala. 'Yan'uwa na Nijar, sefa a ɗaure take da yuro, don haka motsin yuro da dala ne zai shafe ku. Amurka kuma tana cire harajin kashi 30 cikin 100 daga rabon ribar da kamfanoninta ke biya wa mazaunin Najeriya, kafin kuɗin su iso ka. Ka haɗa da la'adar dillali da ratar canjin da manhaja ke ci wajen shiga da wajen fita.

9. Tantance dillali kafin kamfani.

Hukumar SEC, mai kula da hada-hadar hannayen jari a Najeriya, tana da jerin dillalan da ta yi wa rajista, kuma tun 2021 ta gargaɗi jama'a kan manhajojin da ke tallata hannun jarin waje ba da izini ba. Ka duba sunan da kanka a shafin hukumar. Ka tambaya: a wane dillali na can waje aka ajiye jarin, da sunan wa, kuma me zai faru idan manhajar ta rufe? Duk wanda ya yi maka alkawarin riba tsayayya kowane wata ba hannun jari yake sayarwa ba. Raunin damfarar MMM ta 2016 da ta CBEX ta 2025 bai warke ba a gidaje da yawa.

10. Tambayi halaccinsa, ka kuma san zakkarsa.

Ƙera kayan sadarwa sana'a ce halal a kanta. Inda ake tsayawa shi ne bashi mai kuɗin ruwa da kamfanin ke ɗauke da shi, da kuɗin ruwan da yake samu daga ajiyarsa. Ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wanda cibiyoyin kuɗi na Musulunci da yawa ke bi, ya ce kada bashin ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, kada kuɗin shiga marasa tsarki su wuce kashi 5 cikin 100, kuma a fitar da wannan ɗan kason daga ribar a sadakar. Hukuncin ba na dindindin ba ne. Cisco ya ciwo bashi mai yawa lokacin da ya sayi Splunk kan dala biliyan 28 a 2024, kuma faɗuwar farashi kaɗai na iya tura kamfani ya ƙetare iyaka ko da bai ƙara bashin sisi ba. A riƙa dubawa. Zakka kuwa, wanda ya saya don ya sayar idan farashi ya tashi, hukuncinsa na kayan kasuwanci ne: ɗaya cikin 40 na darajar ranar, idan nisabi ya cika shekara ta zagayo. Wanda ya ajiye don rabon riba, malamai sun yi bayani daban-daban, sai ya zauna da malamin da ya san harkar.

11. Duba ɓangaren masu saye, sannan ka rubuta sharaɗin fita.

Tunda mai saye ne ke cin moriyar karya farashi, yana da kyau a kalli masu sayen. MTN Najeriya ya shiga kasuwar Legas a Mayun 2019, Airtel Africa ya biyo baya a Yulin shekarar, kamfanin waya na Sonatel kuma yana kasuwar Abijan da ƙasashen sefa na yammacin Afirka ke tarayya a kai. Waɗannan kana ganin aikinsu da idonka, kana sayensu da kuɗin ƙasarka. Amma su ma da nasu ciwon. Kayan da suke saya da dala ake biya, kuɗin shigarsu kuwa da kuɗin ƙasa ne, farashin kira kuma sai hukuma ta yarda a ƙara. MTN Najeriya ya yi asarar naira biliyan 137 a 2023 da wajen biliyan 400 a 2024, yawanci saboda faɗuwar naira, kafin hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Ko wanne ka zaɓa, ka samu littafi ka rubuta abu uku ranar da ka saya: dalilin sayen a jimla biyu, abin da idan ya faru za ka sayar, da ranar da za ka sake dubawa. Sharaɗin ya zama na kamfanin ne, misali tazarar riba ta sauka rahoto huɗu a jere, ko babban mai saye ya tafi. A shafi na gaba ka rubuta sunan manhajar da na dillalin da yadda magada za su isa ga asusun, ka nuna wa iyalinka inda littafin yake, domin dukiyar da ke cikin waya tana iya ɓata tare da mai ita.

Ƙanena dai ya ware kashi ɗaya cikin goma na abin da ya tara, ya raba shi gida shida, yana shigar da kaso ɗaya kowane wata. Sauran ya bar su inda suke. Makon jiya ya turo mini hoton takardar da ya jera tazarar riba ta rahotanni takwas da biro, yana tambaya ko ya cire layin da ya dace.